Yadda Ake Rufe Rumbun Bayanai Ba Tare da An Tona Asirin Jama'a Ba

Duk wanda ya taɓa tashi daga gidan haya ya san ranar shiga ta fi ranar fita daɗi. Ranar shiga kowa na murna, ana shara ana jera kaya cikin natsuwa. Ranar fita kuwa gaggawa ake yi, mai mota yana ta danna ham a ƙofar gida, mai gida yana jiran mabuɗinsa. Shi ya sa sau da yawa wanda ya biyo baya yakan tarar da tsofaffin wasiƙu a bayan kabad, ya zauna ya karanta abin da ba dominsa aka rubuta ba. To, irin wannan tashi nake so mu duba, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, amma ba tashin mutane ba, tashin injuna masu ƙwaƙwalwa, waɗanda yanzu kowa ya fi sani da suna kwamfuta.

Bari in fara bayyana abin da nake nufi da rumbun bayanai, ko cibiyar bayanai kamar yadda waɗansu ke kiransa. Gini ne, wani lokaci ɗaki guda, wani lokaci ya fi filin ƙwallo girma, wanda aka jera manyan kwamfutoci a cikinsa kan kantoci na ƙarfe, suna aiki dare da rana. Idan baba ya sa kati cikin injin banki ya ciro kuɗi, ba injin nan ne ya san yawan ajiyarsa ba, tambaya ya yi a irin wannan gini aka ba shi amsa. Haka kuma ɗalibin da ya duba sakamakon jarrabawarsa ta waya, da wanda ya je aka ɗauki hoton yatsunsa don katin ɗan ƙasa. Sunayenmu, da ranakun haihuwarmu, da lambobin ajiyarmu, da cututtukan da likita ya gano a jikinmu, duk suna kwance a ɗakunan da ba mu taɓa gani ba.

Irin waɗannan wurare ba su dawwama. Kwamfutocin sukan tsufa cikin 'yan shekaru kaɗan, ko wa'adin hayar ginin ya cika, ko bankuna biyu su haɗe ɗaya ya zama ba shi da amfani, ko kamfani ya ga ya fi masa sauƙi ya yi hayar ajiya wurin wani babban kamfani. Sai a ce za a rufe. A nan ne ake samun sakaci, don kuwa yayin da wurin yake aiki akwai masu gadi, da kyamarori, da ƙofofin da ba su buɗewa sai da kati, amma da zarar an ce an gama da shi sai hankalin manya ya koma sabon wuri, a bar tsohon a hannun wanda ya fi araha. Alhali asirin da ake gadi jiya yana nan cikin injunan, bai je ko'ina ba.

Aiki na farko ƙidaya ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, watanni kafin ranar rufewa ake farawa. Ana bin kowace kanta a rubuta kowane inji da lambar da masana'anta ta buga a jikinsa, da aikin da yake yi, da mai shi. Mai karatu zai zaci ai duk wannan yana rubuce tuntuni. Ina! A wurin da ya shekara goma sha biyar yana aiki, lalle a sami injin da wanda ya kafa shi ya yi ritaya, ba wanda ya san amfaninsa, ba kuma wanda ya isa ya kashe shi. Dabarar da ma'aikata ke yi ita ce, bayan an kwafe abin da ke ciki zuwa sabon wuri an kuma tabbatar kwafin yana buɗewa, sai su zare wa injin wayar sadarwa kawai, su bar shi a kunne na 'yan makonni, su zuba ido su ga ko wani zai kawo kuka. In an zo da kuka, a mayar da waya, ba abin da ya ɓace. In shiru, a kashe. Sa'an nan akwai takardun da doka ta ce a adana na wasu shekaru, kamar na haraji, waɗannan sai an ware su tun kafin a kai ga maganar shafewa, gama abin da aka niƙa ba ya dawowa.

Yanzu mu zo kan shafewar kanta, wadda ita ce gundarin magana. Cikin kowace irin wannan kwamfuta akwai faifan ajiya. Tsohon samfurinsa yana kama da faifan garmaho, yana juyawa da sauri ƙwarai, ana rubutu a kansa da maganaɗisu. Idan mutum ya danna ya ce a goge wata takarda, kwamfuta ba ta bi ta kankare rubutun. Abin da take yi bai wuce abin da mai kula da laburare zai yi ba in ya zare katin wani littafi daga akwatin katuna, ya ce gurbin nan ya zama fanko, alhali littafin yana nan kan kanta har ranar da aka kawo wani aka sa a wurinsa. Duk mai haƙurin bin kantoci ɗaya bayan ɗaya zai same shi, kuma akwai manhajoji na kyauta da aikinsu ke nan.

Waɗansu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun nuna wa duniya wannan. Sun bi kasuwannin gwanjo sun sayi tsofaffin fayafai 158, suka buga sakamakon bincikensu a 2003. Guda 129 ne suka yi aiki, kuma a cikin duka 12 kaɗai aka shafe kamar yadda ya kamata. A sauran sun tsinci lambobin katin bashi na banki fiye da 5,000, da bayanan marasa lafiya, da wasiƙun mutane. Ɗaya daga cikin fayafan ma daga injin cire kuɗi aka ciro shi, da lambobin ajiyar jama'a a kai.

To, yaya ake yin shafewa ta gaskiya? Hukumar ma'aunai ta Amurka, wadda ake kira NIST, ta fitar da ƙa'ida a kan wannan tun 2006, kuma ƙasashe da yawa da ita suke aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi faifan daga farko har ƙarshe a rubuta wani abu marar ma'ana a kan kowane gurbi, kamar a shafe allon aji da baƙin fenti. Wannan yana ɗaukar sa'o'i masu yawa ga faifai guda, amma faifan yana nan lafiya, ana iya sayar da shi. Akwai kuma injin maganaɗisu mai ƙarfi wanda in an sa faifai ko kaset na ajiya a cikinsa sai ya dagula rubutun gaba ɗaya, faifan kuma ya tashi aiki har abada. Sai dai ga inda ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi. Ma'ajiyar zamani da ake kira SSD ba ta juyawa, ba ta kuma aiki da maganaɗisu, 'yar'uwar memorin waya ce. In an sa ta cikin wannan inji za ta fito da bayananta cif, mai aikin kuwa ya tafi gida yana zaton ya gama. Ko rubutu a kanta ma bai cika wadatarwa ba, domin tana da waɗansu gurabu na ajiya a ɓoye waɗanda rubutun ba ya kaiwa gare su, sai an ba ta umurnin shafewa na musamman da masana'anta ta tanada.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta mabuɗi. Mun san zaurance, yadda yara ke juya magana don kada wanda bai san dabarar ba ya gane. Kwamfuta ma tana iya juya duk abin da take rubutawa da lissafi, ta yadda ba mai karanta shi sai da wata doguwar lamba, watau mabuɗi. Idan tun ranar farko haka aka yi, to ranar rufewa sai a hallaka mabuɗin kawai, cikin ƙiftawar ido dukan faifan ya zama shirme. Sharaɗin shi ne a ce an kunna wannan kulle tun farko, kuma ba a bar kwafin mabuɗin a wani wuri ba. Abin da asirinsa ya yi nauyi ƙwarai kuwa, ko faifan da ya lalace ba a iya yi masa rubutu, sai a kai shi injin niƙa ya tauna shi ya zama ɓarɓashi. Ma'ajiyar SSD ana niƙa ta ta fi ta faifai laushi, har zuwa kamar milimita 2 a wuraren da ke da tsanani, saboda ƙwayoyin ajiyarta ƙanana ne, suna iya sulalewa ta tsakanin haƙoran injin da aka yi don faifai.

Duk waɗannan dabaru sanannu ne, ba su kuma da tsada in an gwada da abin da ake gadi. Amma dubi abin da ya sami Morgan Stanley, ɗaya daga cikin manyan bankunan zuba jari na Amurka. A 2016 bankin ya rufe rumbunan bayanai biyu. Sai ya ba da kwangilar kwashe kayan ga wani kamfanin ɗaukar kaya, irin masu yi wa mutane jigila in za su sake gida, wanda ba shi da wata gogewa a aikin shafe bayanai. Yarjejeniyar ita ce kamfanin zai miƙa fayafan ga waɗansu gwanaye su shafe. Da farko haka aka yi, daga baya sai ɗan kwangila ya canja hanya, ya shiga sayar da kayan ga wani kamfani dabam, daga can kuma suka bi hannu zuwa hannu har kasuwar gwanjo ta intanet. Takardu suna ta zuwa banki, ana ta biyan kuɗi. Da wani ya zauna ya karanta takardun nan da ya ga sun daina cewa an shafe, cewa kawai suke yi an karɓa. Ba wanda ya karanta.

Asiri bai tonu ba sai a 2017, sa'ad da wani masanin kwamfuta a jihar Oklahoma ya rubuto wa bankin ya ce ya sayi fayafai a gwanjo, ga kuma bayanansu a ciki. Banki ya fanso waɗansu, amma mafi yawan dubban na'urorin da aka sayar ba a sake ganinsu ba. Bugu da ƙari, da aka zo canja kwamfutocin rassa a 2019, sai aka nemi guda 42 aka rasa, aka kuma gano cewa suna da irin kullen nan na mabuɗi da na ambata, amma an shekara da shekaru ba a kunna shi ba. Mutanen da abin ya shafa sun kai kimanin miliyan 15. Hukumar kula da bankuna ta ci bankin tarar dala miliyan 60 a 2020, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙara miliyan 35 a 2022, ya kuma amince ya biya wata miliyan 60 ga masu ajiyar da suka kai shi ƙara. Araha ba ta ado. Abin da ya fi damuna a labarin nan ba tarar ba ce, don banki yana da kuɗin biya. Mai ajiyar ne abin tausayi, gama ana iya sake masa lambar ajiya, amma ba a iya sake masa ranar haihuwa, kuma har yau bai san a hannun wa faifan yake ba.

Kada a ce Amurka kaɗai. A Ingila, a 2010, hukumar asibitocin Brighton da Sussex ta sa a lalata fayafai kusan 1,000. Mutumin da aka ɗora wa aikin ya fice da aƙalla 252, waɗansunsu suka bayyana a kasuwar eBay ɗauke da bayanan marasa lafiya, har da masu cutar ƙanjamau. An ci hukumar tarar fam 325,000 a 2012.

A duka labaran biyu injin shafewa bai gaza ba, fayafan ne ba su isa wurinsa ba. Don haka ne masu wannan sana'a suka fi ba da ƙarfi ga tsare hanya. Faifai ba ya barin kanta sai an rubuta lambarsa, a sa shi cikin akwati mai kwaɗo da hatimi, mai bayarwa ya sa hannu, mai karɓa ya sa hannu, haka a kowace ƙofa. In an isa, a sake ƙirgawa, in 500 suka tashi to 500 za a gani, 499 ba ta karɓuwa. Masu hankali ma ba su yarda faifai ya fita harabar da rai, sai su sa a kawo injin niƙa cikin babbar mota, a niƙa a gaban idon wakilinsu, gani ya kori ji. A ƙarshe ɗan kwangila ya ba da takardar shaida mai ɗauke da lambar kowane faifai da yadda aka yi da shi, wani kuma ya zauna da fensir ya gwada ta da jerin da aka rubuta ranar ƙidaya. Aiki ne mai gundura, irin wanda ake tura wa ƙaramin akawu, amma shi ne ya gagari Morgan Stanley.

Ba fayafai kaɗai ke riƙe asiri ba. Akwai kasusuwan ajiya, watau jam'in kaset, da aka tura wani gari aka manta, da injin kwafe takardu mai faifai a cikinsa, da na'urorin da ke raba hanyar sadarwa, waɗanda ke ajiye kalmomin sirri na shiga kamfani. A 2023 kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya sanar da cewa ya sayi irin waɗannan na'urorin raba hanya guda 18 a gwanjo, ya bincika 16, kuma 9 daga ciki suna ɗauke da cikakken tsarin kamfanonin da suka yi amfani da su. Kamar mutum ya sayar da tsohuwar riga ne da mabuɗan sabon gidansa a aljihu.

Sa'an nan ga lafiyar ma'aikata, domin gini irin wannan cike yake da abin da zai kashe mutum. Kanta guda cike da injuna tana iya kai nauyin ƙaramar mota, shi ya sa daga sama ake fara sauke kaya don kada ta rinjaya ta faɗo. Akwai tankunan man janareto, da iskar injunan sanyaya ɗaki, da tukwanen iskar kashe gobara masu matsi mai tsanani. Mafi haɗari su ne batura. Kowane rumbun bayanai yana da ɗaki cike da su don riƙe wuta kafin janareto ya tashi, kuma ko an yanke wutar gari suna nan da cajinsu. Mai gyaran wuta yakan kashe makunni ya rataya masa kwaɗonsa da sunansa, don kada wani ya zo ya kunna yana tsakar aiki, ya kuma gwada waya da mita kafin ya taɓa. Ran 26 ga Satumba 2025, a birnin Daejeon na Koriya ta Kudu, ma'aikata suna cikin ɗauke batura masu sinadarin litiyam daga wani ɗaki na babban rumbun bayanan gwamnati, sai wuta ta tashi daga gare su. Ayyukan gwamnati fiye da 600 suka tsaya, wata ma'ajiyar takardun aiki ta ma'aikatan gwamnati kuma ta ƙone, ga shi ba ta da kwafi a wani wuri. Su ba rufe wurin ma suka zo yi ba, batura kawai za su matsar.

Ina kayan ke zuwa bayan an kwashe? A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Cikin tsofaffin injunan akwai jan ƙarfe da ɗan zinariya, akwai kuma darma da waɗansu sinadarai masu guba. Narkar da su cikin tsabta yana da tsada a Turai da Amurka, don haka marasa gaskiya sukan loda su cikin kwantena da sunan kayan gwanjo, su nufo tashoshin jiragen ruwa na Legas da Tema. Mai aiki a sayar a kasuwa, matacce kuma ya ƙare a hannun 'yan gwangwan, suna ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin. Iyayenmu za su tuna da 1988, lokacin da aka gano dubban gangunan guba daga Italiya jibge a garin Koko na jihar Bendel ta wancan zamani, Delta a yanzu. Irin wannan ta'asa ce ta sa aka ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989 don taƙaita safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe. Asiri ma yana biyo kwantenar. A 2009 waɗansu ɗaliban aikin jarida daga wata jami'a ta Kanada sun sayi faifai a wata kasuwa a Gana kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro na gwamnatin Amurka a ciki, na kamfanin Northrop Grumman.

Nijeriya ma yanzu tana da nata rumbunan, na bankuna da kamfanonin waya da na gwamnati, mafi yawa a Legas da Abuja, kuma duk injin da ke cikinsu ranar sauke shi tana tafe. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke lura da ita, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, da kuma kada ya ci gaba da ajiye su bayan an gama buƙatarsu. Makaranta ma tana ciki, in ta tashi rabuwa da tsohuwar kwamfutar ofis mai ɗauke da sakamakon ɗalibai da lambobin wayar iyaye.

Wayar da ke aljihun yayanka ma ƙaramin rumbun bayanai ce, kuma in ya tashi kai ta kasuwa ya yi musanye matakan ba su canja ba. Ya fara kwafe hotunansa da lambobinsa, ya duba ya tabbata kwafin yana buɗewa. Ya fita daga manhajar banki da WhatsApp da asusun Google ko Apple. Sa'an nan ya ba wayar umurnin komawa yadda ta fito daga masana'anta, wanda a wayoyin zamani yakan hallaka mabuɗin kulle, amma a tsofaffin wayoyi marasa kulle ba lalle ya wadatar ba. Wannan umurni sau da yawa ba ya taɓa ɗan katin memori da ke maƙale a gefe, don haka shi da layin waya sai ya zare su da hannunsa tun a gida, kafin ya miƙa wa mai shago.